Mai Sabulun Ingila Da Gyaɗar Ƙauran Namoda

A shekarar 1929 ne jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta kan Funtuwa da Gusau, nan kuwa hanyarsa ta tsaya. A shekarun da suka biyo baya, in kaka ta yi, sai ka ga jakuna da raƙuma jere daga ƙasar Zurmi da Shinkafi da Moriki, kowanne ɗauke da gyaɗa, an dosa ma'auni. A cikin wannan shekara ɗin kuma aka haɗa manyan kamfanoni biyu na Turawa a Landan, aka sa wa sabon suna U.A.C., wanda ya zama uban masu sayen gyaɗar Arewa. Dattawa sun san U.A.C., amma ba mu tsammani akwai mutum ɗaya cikin dubu da ya san sunan Baturen da dukiyarsa ta haifi wannan kamfani. Shi ne muke so mu ba masu karatu labarinsa, gama mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, mai ra'ayin siyasa kuma, kuma ya taɓa neman abin da, da an ba shi, da wataƙila tarihin noman ƙasar nan ya sake.

Sunansa William Lever, daga baya aka yi masa sarauta ya zama Lord Leverhulme. An haife shi a 1851 a wani gari wai shi Bolton, a arewacin Ingila. Ubansa ɗan kanti ne, aikin yaron na fari kuwa shi ne yanka sabulu da naɗe shi a takarda. A 1885 shi da ƙanensa suka soma dafa nasu sabulun, suka sa masa suna Sunlight. Asirin wannan sabulu shi ne man itatuwa, musamman man ƙwarar manja. To, ga inda Afirka ta shigo cikin zancen, don kwakwar manja ba ta fita a Ingila.

Gidansu 'yan ɗarikar Congregational ne. Su waɗannan ba su da bishof, kowace majami'a ita ke zaɓen limaminta, ita ke mulkin kanta. A cikin wannan tarbiyya ya tashi, ba ya shan giya, ba ya shan taba, yana ganin aiki tuƙuru da tsabta wani sashe ne na ibada. Ba a baki kaɗai ya tsaya ba. A 1888 ya soma gina wa ma'aikatansa gari sukutum a wani fili da ya saya kusa da Liverpool, ya kira shi Port Sunlight. An gina gida wajen 800, da makaranta da asibiti da ɗakin karatu, da majami'a wadda ya biya kuɗinta daga aljihunsa. A zamanin da leburorin Ingila ke kwana a ɗakuna masu duhu da ɗoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba mu kuwa rage masa ladansa ba.

Akwai wani ɗan labari da ke nuna halinsa. A 1900 ya buɗe masauki a garin, ya ce ba za a sayar da giya a ciki ba. Mutanen gari suka yi ta gunaguni. Sai aka jefa ƙuri'a, masu son giya suka rinjaya, shi kuma ya haƙura, a 1903 aka soma sayarwa. Watau ya yarda cewa leburansa Bature yana da bakin magana, ko a kan abin da shi maigida yake ƙi saboda addini. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu bukace shi a gaba.

Wajen siyasa kuwa ɗan jam'iyyar Liberal ne, masu cewa a sakar wa kowa mara ya yi ciniki, a kuma tausaya wa talaka. Ya sha faɗuwa zaɓe kafin ya ci a 1906, ya zauna a Majalisar Dokokin Ingila shekara 3. Abin da ya fi matsawa a kai shi ne gwamnati ta riƙa ba tsofaffi fansho, kamar yadda yake ba nasa ma'aikatan. A 1908 aka yi dokar, wanda ya kai shekara 70 ba shi da abin hannu ya riƙa samun sule 5 a mako. Daga baya har ya yi ta kiran a mai da aikin ma'aikata awa 6 a yini.

Sai dai tukunyar sabulu ba ta ƙoshi. Lever ya ga sayen manja a hannun talakawa ba ya isarsa, ga tsada, sai ya nemi Ofishin Mulkin Mallaka ya ba shi manyan filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingilishi, ya yi gandu, ya kafa injuna, mutanen wurin su zama leburorinsa. Ya gaskata har zuciyarsa cewa alheri zai yi musu: zai gina musu asibiti da makaranta, ya koya musu aiki bisa agogo. Aka hana shi. Abin mamaki, jam'iyyarsa ce ke riƙe da mulki sa'an nan.

Dajin manja na Kudu yake nema, ba gonakin gyaɗar Zamfara ba, wannan gaskiya ne. Amma ƙa'idar da aka hana shi da ita ɗaya ce ga ƙasa duka, nan Arewa ma ta fi tsanani. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce filayen Arewa duka suna hannun Gwamna ne bisa amana, domin amfanin 'yan ƙasa, baƙo ba shi da ikon mallakar ko taki ɗaya sai da yardarsa. Kada mu ɗauka ƙaunar manomi ce kaɗai ta sa. Turawan mulki suna tsoron tawaye, suna kuma bukatar sarakuna da En'e su ci gaba da tara haraji, haraji kuwa daga gona yake fitowa. Ko mene ne dalili, ƙofar da aka rufe wa mai sabulu a Kudu, a rufe take a lardin Sakkwato.

Da ya ga haka sai ya juya ga Beljiyam. A 1911 suka ba shi yankuna 5 a ƙasar Kwango, ya kafa kamfani, ya gina gari ya sa masa sunansa, Leverville. An yi asibiti, an yi makaranta, kamar yadda ya alkawarta. Amma mutanen wurin ba su so barin gonakinsu su hau kwakwa kan ɗan lada, saboda haka aka koma ga tilas. Jami'an Beljiyam suka ɗora haraji, suka matsa wa masu gari su kawo mutane, wanda bai cika adadin da aka yanka masa ba ya gamu da kurkuku ko bulala. A 1931, bayan mutuwarsa, kabilar Pende ta yi tawaye a yankin Kwilu, wahalar tara manja na cikin manyan dalilai, sojoji suka kashe ɗaruruwa. Mutumin da ya bar ƙuri'a ta kayar da shi a kan kofin giya, ba mu ji inda ya sa aka tambayi mutanen Kwango ko sun yarda da gandunsa ba. A ganinmu ba munafuki ba ne, ya gaskata abin da yake faɗa. Cutar ita ce imaninsa ya ba shi tabbacin ya fi talaka sanin abin da zai amfane shi, wanda ya kai nan kuwa ba ya ƙara tambaya. Ko a ƙasarsu ya gwada: ya sayi tsibirin Lewis a Sikotlan a 1918 don ya mai da mutanen ma'aikatan kifi, sojojin da suka komo daga yaƙi suka ce su gona suke so, suka faɗa wa filayensa, a 1923 ya tattara ya bar Lewis.

Bai fid da rai da Nijeriya ba. A 1920 ya sayi Kamfanin Neja kan fam miliyan 8 da 'yan kai, ba tare da an bincika littattafan kuɗinsa sosai ba. Cikin 'yan watanni farashin kaya ya faɗi, ciniki ya kusa kai shi ƙasa. Ya sake tayar da maganar fili, ya yi ta sa-in-sa da Gwamna Hugh Clifford, wanda ya tsaya kan cewa manomi mai gonar kansa ya fi gandun kamfani amfani da ƙarko. Har a wata liyafa a Liverpool a 1924 ya soki manufar gwamnati a gaban Gwamnan. Ya mutu a watan Mayu 1925, bayan komowarsa daga rangadin Afirka, aka binne shi a majami'ar da ya gina. Wannan Kamfanin Neja shi ne aka haɗa da wani a 1929 ya zama U.A.C., a ƙarƙashin Unilever.

To, me manomin Zurmi ya samu? Gona ta zauna a hannunsa, shi ke zaɓen ko gero zai shuka ko gyaɗa, 'ya'yansa kuma su gada. Amma ma'auni na kamfani ne. Jirgi ya iso Ƙaura daidai shekarar da kasuwannin duniya suka rushe, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji bai ragu ba. Kamfanoni sukan haɗa baki su tsai da farashi ɗaya, su ba dillalai kuɗi tun da damina, dillalai su ba manoma bashi a kan amfanin da bai nuna ba. 'Yan ƙasa kaɗan suka yi arziki a tsakani, babbansu Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955. Daga 1949 hukumar ciniki ta gwamnati ta karɓi yanka farashi, ita ma ta riƙa riƙe kaso mai tsoka. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya.

Gonar da doka ta hana attajirin Ingila, bindiga ta raba mutane da yawa da ita a Zurmi da Shinkafi cikin shekarun da suka biyo bayan 2011. An ga ƙauyuka da aka yanka wa kuɗi kafin su shuka, aka sake yanka musu kafin su girbe. A watan Satumba 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako na jihar, har da ta Shinkafi, aka kuma katse layukan waya.