Shin Wayar Salula Na Haddasa Ƙari A Ƙwaƙwalwa?

Saƙon da ke cewa kara waya a kunne na jawo kansar ƙwaƙwalwa ya daɗe yana yawo a WhatsApp, har yakan zama abin musu a majalisun matasa a Bici. Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a fara sanin ciwon kansa.

Ƙari tsiro ne da ke fitowa idan ƙwayoyin jiki suka riƙa hayayyafa ba tsari, kuma ba kowanne ne kansa ba. Likitoci na raba shi bisa inda ya tsiro:

Meninjiyoma: daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ya fi yawa a manya, kuma galibi yana girma a hankali.

Giliyoma: daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Mafi tsananinsa shi ne giliyobilastoma.

Shuwanoma: daga rigar jijiya, sau da yawa wadda ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su mataki 1 zuwa 4, na 4 ne mafi saurin girma. Tsarinta na 2021 ya ƙara dogaro da gwajin ƙwayoyin gado wajen tantance nau'in ƙari.

To ina batun waya? A 2011, cibiyar binciken kansa ta hukumar ta sanya igiyoyin rediyon da waya ke fitarwa cikin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo kansa, saboda hujjar ba ta da ƙarfi. Amma a 2024, wani nazari da hukumar ta ɗauki nauyi ya tattara bincike 63, bai kuma gano alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne jinkiri. Ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, farfaɗiyar da ta fara wa babba rana tsaka, shanyewar ɓarin jiki, ko toshewar kunne ɗaya, alamomi ne da akan ɗora wa iska, a ɓata watanni ana neman magani a gida. Hoton MRI ko CT ne ke nuna ƙari, kuma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

A nan ma waya na da rana: ɗaukar bidiyon farfaɗiyar da rubuta lokacin da ta faru na taimaka wa likita ƙwarai wajen gano matsalar.