Sanyin Jos da wayar da ke mutuwa da caji a cikinta

Aiki kan kai ma'aikatan gwamnatin tarayya Jos a kai a kai. Wasu kwas ke kai su Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru, wadda aka kafa a 1979, wasu kuma hedikwatar hukumar ITF ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom. A bayan kowane darakta akwai hadimi, kuma aikin hadimi kusan duk a waya yake: jadawalin maigida, lambobin mutane, takardun ofis da aka turo ta WhatsApp, da lambar sirrin da banki ke aikowa kafin a fitar da kuɗi. Wanda tafiyar ta faɗo masa a Disamba ko Janairu yana iya fita da asuba da cajin kashi 30 ko 40 cikin ɗari, ya ɗaga waya zai kira direba, allon ya yi baƙi ƙirin. A danna a danna, shiru.

Galibi wayar suma ta yi, ba ta mutu ba. Jos tana bisa tudu mai tsawon sama da mita 1,200, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma a tsakiyar hunturu sanyin asuba a Jos kan sauka kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Batirin litiyam da ke cikin wayoyin zamani sinadari ne ke motsi a cikinsa, sanyi kuma yana rage wannan motsi. Idan waya ta nemi wuta mai yawa lokaci guda, kamar wajen buɗe kyamara ko laluben sabis a tsakanin duwatsu, sai ƙarfin lantarkin ya faɗi ƙasa da abin da take bukata, ta kashe kanta domin kare na'urorinta, alhali akwai sauran caji.

Sai dai bai kamata a ɗora wa Jos laifin duka ba. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa suna aiki daga digiri 0 zuwa 35, kuma sanyin Filato ba kasafai yake kusantar wancan ƙarshen ba. Sabon batiri yana jure shi sarai. Tsohon batiri, wanda zafin Abuja da kwana a kan caja suka riga suka cinye, shi ne sanyi ke tona wa asiri. A lissafin Apple, batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta yana komawa kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, abin da mai yawan waya kan cika cikin shekara biyu ko ƙasa da haka. Irin wannan mutuwar ba-zata ce ta sa kamfanin ya riƙa rage saurin tsofaffin wayoyinsa ba tare da ya bayyana wa masu su ba. Ya nemi afuwa a Disamba 2017, Faransa kuma ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a Fabrairu 2020.

Matakin farko shi ne haƙuri. A sa wayar a aljihun ciki, jikin mutum ya ɗumama ta na kusan rabin sa'a. Kaskon garwashi da ake jin ɗumi da shi a lokacin sanyi ba wurin waya ba ne, domin zafi ya fi sanyi illa ga batiri, kuma illarsa ba ta warkewa. Daga nan sai a duba bakin caji. Ƙurar hunturu da gashin aljihu kan dunƙule a ciki su hana kan caja shiga sosai. Tsinken sakace na itace ya isa a fitar da su a hankali, amma ban da allura. A jona ta da wata caja da wani kebul da aka tabbatar suna aiki, a bar ta. Batirin da ya ƙare ƙarƙaf yana iya ɗaukar mintoci da dama, wani lokacin har sa'a guda, kafin allon ya nuna alamar rai.

Idan har yanzu shiru, mai yiwuwa manhajar ce ta daskare, sai a tilasta mata tashi. A iPhone 8 da na bayanta, ana danna maɓallin ƙara sauti a saki, a danna na rage sauti a saki, sannan a riƙe na gefe har tambarin Apple ya bayyana. A Samsung, ana riƙe maɓallin kunnawa da na rage sauti tare fiye da daƙiƙa 7. Wannan ba ya goge komai. Amma idan bayan wayar ya kumbura ko allon ya fara ɗagowa, a daina caji nan take, domin batiri mai kumburi yana iya kamawa da wuta.

Asara mafi girma a shagon gyara take aukuwa, kuma gaggawa ce ke jawo ta. Hadimin da maigida ke jira kan garzaya wajen masu gyara a kewayen Taminus, a ce masa sai an yi filashin, ya amince. Filashin yakan share duk abin da ke cikin waya, kuma ba ya gyara tsohon batiri. Abin da ya dace a fara nema shi ne a auna batirin a gaban mai wayar, a canza shi idan ya gaza. Canjin batiri ko bakin caji ba ya bukatar lambar buɗe waya. Idan mai gyara yana son gwaji, mai wayar ya buɗe da hannunsa. Takardar ofis da ta fita ta wannan hanya tana iya jefa ma'aikaci ƙarƙashin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, ban da Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Kafin a miƙa wayar kuma, a zare layi da katin ajiya. Tun umarnin da hukumar NCC ta bayar a Disamba 2020, kowane layi yana haɗe da lambar NIN ta mai shi, kuma a kansa saƙon albashi da lambobin banki ke sauka. Ƙaramar waya mai madannai, wadda ke kwanaki da caji ɗaya, za ta karɓi layin ta riƙe aikin har a komo Abuja.