Jadawalin Gamin Sauti da Mai Koyon Fiyano a Ƙasar Hausa

A wannan ɗan rubutu za a duba wata takarda da ke yawo a hannun samari masu koyon fiyano, wato jadawalin da ke nuna inda za a ɗora yatsu don fitar da gamin sauti. Abin nufi da gami shi ne a danna sauti uku ko fiye a lokaci guda su tashi kamar murya ɗaya.

Fiyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen 1700, bai samu gindin zama a waƙar Hausa ba sai bayan da finafinan Kano suka kankama daga 1990, lokacin da na lantarki, musamman ƙirar Yamaha, ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa. Cikakken fiyano yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, amma sauti 12 ne kawai ke ta maimaituwa.

Mai koyo yakan firgita in ya ga zane 24 a shafin farko, alhali ƙa'ida ɗaya ce ta haife su. Alal misali, a ɗora babban yatsa a kan C, a ƙirga taki huɗu zuwa dama, ana haɗawa da baƙaƙe, a sauka a E, a ƙara taki uku a sauka a G. Wannan shi ne babban gami. Idan aka juya lissafin, uku sannan huɗu, sai a sami ƙaramin gami, mai ɗan sanyin jiki. Sauti 12, kowanne da gami biyu, ga 24 ke nan. Wanda ya riƙe wannan ya huta da hadda.

To, amma fa jadawalin don kunnen Bature aka tsara shi. A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, wadda ta fitar da Muhammadu Gambo Fagada mai waƙar ɓarayi, ba a san koyon kiɗa daga takarda ba. Yaro yakan bi ubangidansa ne yana amshi har kunnensa ya nuna. Kiɗanmu kuwa a kan kari da bugu ya dogara, kuma muryar mawaƙi takan bi hawa da saukar kalma, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Wanda ya tilasta wa baiti ya bi canjin gamin da takarda ta tsara yana iya karya kalmar, ma'ana ta gurɓace.

Bugu da ƙari, yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, ba bakwai ba. Abin sha'awa, baƙaƙen madannan nan biyar da mai koyo ke gudu su ne suka fi kusa da wannan tsari. A ganina, daga nan ya kamata ya fara: hannun dama ya laluba waƙar da ya sani tun yana yaro, hannun hagu ya riƙe gami ɗaya ko biyu, sai a buɗe jadawali idan yatsa ya ɓata hanya.