Daga Dish ɗin Rufinki Zuwa Baƙin Ramin Sararin Samaniya: Sai an Saita Awo Kafin a Yarda da Shi

Uwargida, in kin ɗaga kai a Kinkinau ko Unguwar Mu'azu, da wuya ki ga layin da babu dish a kan rufi. Idan iska ta kaɗa, tashoshi suka ɗauke, mai gyara yakan hau ya murɗa ɗan ƙoƙon nan na bakin dish, wanda suke kira LNB, har hoto ya dawo. Wannan murɗawar tana da dangantaka da aikin manyan masana taurari.

Siginar da ke zuwa daga tauraron ɗan'adam kaɗawa take yi, kamar igiyar shanya da yaro ke girgizawa. Yana iya girgiza ta sama da ƙasa, ko gefe da gefe. Shi ya sa a dikodarki kike ganin V ko H kusa da lambar tasha. In ƙoƙon ya karkace, siginar wannan ɓangare sai ta zubo cikin wancan, hoto ya riƙa kakkaryewa.

Abubuwan da ke sararin samaniya ma suna aiko da irin wannan sigina ta rediyo, kuma alƙiblar kaɗawarta tana nuna yadda ƙarfin maganaɗisu ya shimfiɗu a inda ta fito. Don su kama ta, masana sukan haɗa manyan faranta da ke ƙasashe daban-daban, su kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya, sai su zama tamkar faranti guda mai faɗin duniya. Haka aka yi a Afrilun 2017 da na'urori 8, ciki har da ALMA ta ƙasar Chile, aka nufi baƙin ramin da ke tsakiyar garken taurari M87, wato wurin da ko haske ya faɗa ba ya fitowa. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara miliyan 55.

Hoton farko ya fito ranar 10 ga Afrilu, 2019. Amma hoton da ke nuna alƙiblar kaɗawar sai Maris 2021. Me ya jawo jinkirin? Kowane faranti yana da tasa 'yar karkatar, mai zubo sigina daga wani ɓangare zuwa wani. In ba a cire ta ba, sai a ɗauki laifin na'ura a matsayin halin baƙin rami. Ga kuma ALMA tana ɗaukar kaɗawar miƙe, sauran kuwa ta zagaye, dole aka fara daidaita harshensu.

Dabarun gano karkatar biyu ne. Na farko, a gwada na'ura da abin da aka riga aka san halinsa, kamar wata majiyar sigina mai suna 3C 286, wadda alƙiblarta ta daɗe tana kusan digiri 33. Na biyu, a yi amfani da juyawar duniya: cikin dare, alƙiblar abin da ke sama tana juyawa a idon faranti, ita kuwa karkatar na'ura tana nan daram. Abin da bai motsa ba, shi ne na na'ura.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A Agustan 2017 Gana ta buɗe faranti mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Akara, wanda a da na sadarwa ne. A Najeriya kuma hukumar NASRDA tana da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka. Yarinyarki mai yawan tambaya tana da inda za ta dosa.

A aikinmu na jinya ƙa'idar ɗaya ce. Na'urar awon hawan jini da ke gidanki tana iya karkacewa ba tare da ta nuna alama ba. Ga mai juna biyu, awon 140/90 ko sama da haka abin gaggawar zuwa asibiti ne, kuma na'urar da ke rage lamba za ta iya ɓoye shi. Don haka ranar awo ki tafi da ita, a gwada ki da ita da ta asibiti a zama ɗaya. Idan tazarar ta yi yawa, ki nemi shawarar ma'aikaciyar jinya kafin ki ci gaba da dogara da ita.

Yaushe rabon da ki gwada taki?