Ran Katun Yana Cikin Motsinsa

Da wuya a buɗe littafin rubutun ɗan firamare ba a tarar da Tom da Jerry ko Mickey Mouse a shafin baya ba. Iyaye da yawa kan ɗauki wannan ɓarnar takarda ce, har wani lokaci bulala ta biyo baya. Mu kuwa muna ganin akwai sana'a a kwance a nan, muddin yaron ya gane cewa ran katun yana cikin motsinsa.

Ga yadda abin yake. Fim yana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya fito sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, 720 ke nan a minti guda. Tazarar da ke tsakanin wannan zane da na gaba ita ke gaya wa ido nauyin abu. In zanen ya yi yawa kuma kusa da juna, sai a ga tafiyar giwa. In ya yi kaɗan da tazara mai faɗi, sai a ga ɓera ya arce.

A 1981 wasu tsofaffin masu zane na kamfanin Disney a Amurka, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara ƙa'idoji 12 na wannan aiki cikin littafinsu The Illusion of Life. Bari mu ɗauki uku. Ta farko ita ce matsewa da miƙewa: ƙwallo in ta bugi ƙasa takan baje, in ta tashi ta yi tsawo, amma girmanta bai canja ba. Ta biyu shirin motsi: kafin Tom ya zabura sai ya ja baya ya ɗaga ƙafa, kamar yadda mai daka ke ɗaga taɓarya kafin ta sauke. Ta uku bin baya: in jiki ya tsaya, wutsiya da kunnuwa ba sa tsayawa nan take. Saboda irin waɗannan dabaru ne finafinan Tom da Jerry, da William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, ke ba yaran kowace ƙasa dariya alhali kusan babu magana a ciki.

Ina suka samo wannan sani? Daga kallo. Lokacin da ake shirya Bambi, wanda ya fito a 1942, an kawo wa masu zane 'ya'yan wata irin barewa masu rai don su lura da takunsu. Haka aka kawo zakuna kafin The Lion King na 1994.

Ba Turawa kaɗai suka iya ba. Marigayi Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara katun a Afirka. A fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966, kwaɗi ya zana, ya sa su suna kwaikwayon tafiyar ƙasaita ta shugabanni.

To, ga shawararmu ga matasa masu son motsa gwanayensu. A fara da gefen tsohon littafi: a zana ƙwallo a kusurwar shafi 20, kowane da ɗan bambanci, a sake shafukan da babban yatsa. In ƙwallon ta yi tsalle kamar gaske, sannan a matsa zuwa ga Jerry. Mai waya yana iya yin haka da manhaja irin FlipaClip. A dinga tsayar da fim ana duba shi hoto bayan hoto, sa'an nan a fita tsakar gida a kalli kyanwa lokacin da take laɓe wa ƙadangare.

A kuma kiyaye da haƙƙin mallaka. Tom da Jerry na kamfanin Warner Bros. ne, don haka a zana su domin koyo da nishaɗi, kada a kai kasuwa. Mickey na Steamboat Willie na 1928 ya zama na kowa a Amurka tun 2024, amma siffofinsa na baya-bayan nan suna hannun Disney.

Iyaye kuma, kafin a ɗaga bulala, a sayi littafi na musamman a ba yaron, a ce ya motsa mana Gizo da Ƙoƙi.