Lugu, Garin Sarauniya

Yau za mu yi hira a kan wani ɗan ƙaramin gari mai babban tarihi.

Ku mutanen Gaya, kun san Dallol Mawri, kwarin nan da ya gangaro har bakin kogi kusa da ku. In mutum ya bi shi ya yi arewa, ya wuce Dogon Dutsi, zai iske Lugu. Garin yana cikin jiharmu ta Dosso, nesa da babbar hanya.

Mutanen Lugu na asali Azna ne. Hausa suke yi, noma suke yi kamar ku. Amma sun riƙe addinin kakanninsu. Sun yarda akwai Allah, sai dai suna neman biyan bukata ta hannun iskokin ƙasa. Ruwan sama, albarkar gona da lafiyar gari su ne abin roƙonsu.

Mace ce shugabarsu. Ana ce mata Sarauniya. Tsofaffi sun ce ta farko daga Daura ta taso. Sarauniya ba ta da fada mai dogarai. Tana zaune cikin ɗakinta, tana kaɗin auduga, ba ta yawo. Mai damuwa shi ke zuwa wurinta.

In ta rasu, ba a yin takara. Ana ɗaukar gawarta a kai. Sun ce gawar ce ke jan masu ɗauke da ita har gaban wadda za ta gaje ta. Wannan shi ake kira tarkama.

Suna kuma da wani dutse, sunansa Tunguma. In an yi sata ko gardama ta ƙi ƙarewa, sai a je a tambaye shi. Sun ce motsinsa ke nuna mai gaskiya.

A shekarar 1899 masifa ta zo. Wasu hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, suka ratso ƙasar da sojoji, suna ƙone garuruwa. Garuruwa da yawa suka miƙa wuya. Sarauniya Mangu ta ƙi. A watan Afrilu mutanenta suka tare su da kwari da baka. Bindiga ta fi ƙarfin baka, aka ƙone Lugu, jama'a suka shige daji. Amma ba a kama Sarauniya ba. A watan Yuli na shekarar, sojojin hafsoshin nan suka juya musu, suka kashe su.

Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980. A 1986 aka yi fim da labarin. Ta haka duniya ta san sunanta.

Tun daga lokacin abubuwa sun sake. Musulunci ya game ƙasar Arewa, matasa suna tafiya ci-rani, masu sanin al'adun nan suna raguwa. Sanin tarihinsu ba bin addininsu ba ne. Sanin asali ne. Kowane gari yana da nasa, har Gaya, inda Kyangawa suka daɗe da zama.

To, yanzu alƙalami ya shiga hannunku. Ku je wurin tsofaffin garinku tun suna da rai. Ku tambaye su: wa ya sari garin nan? Daga ina ya fito? Ku rubuta amsar, ku kawo wa malaminku a karanta a aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.