Babi na 9: Ayarin Kayak a Tashar Jiragen Ruwan New York

Kayak ɗan siririn kwalekwale ne mai rufaffen sama, an bar masa rami a tsakiya daidai zaman mutum. Asalinsa na mutanen Inuit ne, mazauna yankunan ƙanƙara na Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda kan ɗinke fatun dabbobin teku a jikin ƙirar itace su fita farauta. Na zamani yawanci da roba ake yin su. Wanda ake shiga teku da shi yakan kai mita 5 a tsawo, faɗinsa kuwa da ƙyar ya wuce santimita 60. Filafilinsa baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu, ba irin na masuntan Yawuri mai baki ɗaya ba.

To, wannan ɗan abin ne mutane goma ko sha biyu kan shiga, kowa da nasa, su yi ayari, su yini suna yawon buɗe ido a tashar jiragen ruwan New York ta Amurka. Wuri ne da ba ya barci. Ga jiragen dakon kwantena, ga jiragen da ke tura lodin mai da yashi, ga kuma jirgin fiton Staten Island mai ruwan lemo, wanda ke cin tafiyar kilomita 8 cikin minti 25, dare da rana. Mai kayak yana zaune ne daf da ruwa, kansa bai kai mita ɗaya sama ba. Abin da yake gani na birnin, dogayen benayen Manhattan da mutum-mutumin 'Yanci da Faransa ta bayar aka ƙaddamar a 1886, ya fi na kowa kyau. Amma shi da wuya a gan shi.

Baƙo yakan ɗauka ƙarfin damtse ne jarin tafiyar. Jagoran ayari kuwa tun daren jiya ya gama nasa lissafin, kuma da jadawalin ruwa ya yi shi. Saboda jan da wata ke yi wa teku, ruwa yakan ciko ya janye sau biyu a kwana guda, kowane zuwa ko komawa kimanin awa shida. Kogin Hudson da kansa yakan juya ya yi arewa idan teku ta ciko, har tasirin ya kai garin Troy, tazarar kusan kilomita 250. A mashigin Hell Gate gudun ruwa kan kai kilomita 9 a awa, alhali matsakaicin matuƙin kayak bai fi 5 zuwa 6 yake yi ba. Wanda ya je wurin a lokacin da bai dace ba, yana tuƙi gaba ruwa na mai da shi baya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Masu zagaye tsibirin Manhattan a yini ɗaya, tafiyar wajen kilomita 48, suna tsara fitarsu ne yadda ruwa zai riƙa tura su a kowane ɓangare na hanyar.

Kowa da rigar hana nutsewa da usur. Jagora na gaba, mataimakinsa na ƙarshe don kada a bar wani baya, kuma jagoran yana rataye da rediyon oba-oba: layi na 13 don jin abin da matuƙan jirage ke faɗa wa juna, na 16 don neman agaji.

Inda hankali ke tashi shi ne tsallaka hanyar manyan jirage. Dokar kiyaye karo a teku ta 1972 ta hana duk jirgin da bai kai mita 20 ba tare wa babban jirgi ƙunƙuntar hanyar da ba shi da wata sai ita. Dalilin a fili yake: jirgi ba shi da birki, kuma in ya kauce sai ya kafe. Don haka ayari yakan taru a gefe, a jira hanya ta buɗe, sannan a tsallaka a dunƙule, a miƙe, babu tsayawa ɗaukar hoto. Mutum goma a manne sun fi saurin faɗa wa idon matuƙi fiye da goma a warwatse, balle ma robar kayak ba ta fitowa sosai a na'urar rada.

A ganina, wannan dunƙulewar ma ba ta isa garkuwa ba. A ranar 30 ga Agusta, 2016, da yamma, wani jirgin fito da ya taso daga tasha ta 79 a kogin Hudson ya afka wa ayarin masu kayak, mutum biyar suka jikkata. Hasken rana mai faɗuwa da ke walƙiya a kan ruwa na cikin abin da ya hana matuƙin ganinsu. Jirgin fito ya fi katafaren jirgin kaya zama abin tsoro, domin shi na kaya ana hango shi tun daga nesa kuma an san hanyarsa, na fito kuwa daga tsakanin gadojin tasha yake ɓullowa bagatatan.

Saboda haka, mai karatu, in ƙaddara ta kai ka cikin irin wannan ayari, ka koyi yaren oda kafin ka koyi riƙon filafili. Doguwar busa ɗaya daga tasha na nufin jirgi zai fito. Gajeru uku, ya sa injinsa baya. Gajeru biyar a jere kuwa, matuƙin na cewa bai gane nufinka ba, kuma yana ganin akwai haɗari.